Kwana Goma Sha Uku da Vasudha Ba Ta Nan

Vasudha Kelkar ta shekara ashirin da biyu tana aiki a wani kamfanin inshora a Pune. Kowa Tai yake ce mata, kamar yayarsa, amma ba kowa ya san abin da take yi a lungunta ba. Manyan kwamfutoci ɗari da arba'in ne a hannunta, masu ajiye bayanan kamfani, a warwatse daga Nagpur har Kochi. Ita ta tattara sunayensu a rajista guda, ta rubuta layukan umarni a baƙin allo, da bugu ɗaya ta leƙa dukkansu: wacce ta cika, wacce ta tsaya.

A da wayarta ba ta hutawa. Da ta gyara rubutun umarnin har yana tashi da kansa kowace safiya yana tura rahoto, sai kira ya ɗauke. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta yana Toronto. A gaban allo take cin gurasarta ta bhakri da ɗan yaji.

Wata Talata ƙaninta ya rasu a Ratnagiri. Ta aika wa shugaban sashe saƙo, ta hau mota. Sai da aka gama makoki na kwana goma sha uku ta dawo.

A matakala ta haɗu da Nitin, wanda teburinsa ke kusa da nata.

"Tai, sabon tabarau kika yi ne? Sai na ga kin canza."

"Tsohon ne."

"Rahotonki na jiya ya fita fes. Ke kam ba kya fashi!"

Ta ce ta gode. Saƙon da ta aika wa shugaban sashe ma ba a buɗe ba.

Ranar ta daɗe da yatsa a kan maɓalli, tana tunanin kashe rubutun ko na safiya ɗaya, ta ga wa zai neme ta. Sai ta tuna masu jiran takardunsu a Nagpur, ta janye hannu.

Da shekara ta zagayo ta yi ritaya, aka ba ta agogon bango. Bayan wata uku Nitin ya kira, wani layin umarni ya ƙi aiki. Gyaran minti ɗaya ne, amma ta ja hirar har ta tambayi gwiwar mahaifiyarsa.

"Ka zo gida da kwamfutar mana, in dafa maka shinkafar poha."

"Lahadi, Tai, ba fashi."

Ta sayo albasa da lemun tsami. Ranar Lahadi hoton allon ya turo mata ta waya. Ta sa tabarau, ta gano waƙafin da ya ɓace, ta tura masa.