Gyaɗa Ɗaya a Kowane Ɗigo

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe, kuma ba gudu take yi ba.

Ni ban taɓa zama a benci na lekol ba. Makarantata gindin murhun kakata ne, Iya Dudu, a unguwar New Bell. Bayan magariba takan zauna suyar gyaɗa a cikin yashi, wadda za ta ɗura a kwalabe ta kai wa masu dako a tashar jiragen ruwa. Ruwan sama na dukan kwano, mu jikoki mun kewaye ta. Iya ba ta sakin tatsuniya gaba ɗaya. Ta faɗi kaɗan, ta juya ludayi. In magana ta kai gaɓa, sai ta ɗauki gyaɗa ɗaya, ta hura, ta tauna, mu kuwa rai kamar ya fita.

"Iya, sai me ya faru?"

"Kai, ku bar ni! Labarin da bai huta ba, kunne ba ya ba shi masauki."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta kaza. Wai kaza ce ta fara ganin kogin Wouri ya cika yana tahowa. Ta ruga gari tana zuba magana ba numfashi, har ba wanda ya gane ko ambaliya take faɗi ko ƙwai ta saka. Ruwa ya zo ya kwashe tukwane. Tun ranar, ko ruwa take sha, sai ta kurɓa ta ɗaga kai.

Shekaru suka shuɗe, ni ma na zama kaka. Rannan jikata Zuwaira, 'yar shekara bakwai, ta dawo tana kuka da littafi mai hotunan awaki. An zaɓe ta ta yi karatu a bikin rufe lekol, amma madam, malamarsu, ta ce in ba ta koyi tsayawa ba, wata za a ba.

Na ce, "Karanta in ji, ƙawata."

Ta kwasa kamar ɗan bensikin, mai babur ɗin haya, da birki ya tsinke wa.

"Wannan kashin ƙudan fa, na mene ne?"

"Kaka, ba kashin ƙuda ba ne! Fuwan ne. Wai a tsaya."

"Wannan mai wutsiyar?"

"Birgil. A ɗan tsaya."

Ashe Turawa ma sun san Iya Dudu! Na kwance bakin zanena inda nake ɗaure gyaɗa. Mai wutsiya, ta haɗiyi yawu. Ɗigo, in sa mata gyaɗa ɗaya a tafin hannu, ta tauna, sannan ta wuce. Kwana goma muna haka, karatu ya zauna daram, madam ta bar mata wurinta.

Ranar biki, ga iyaye cike da fili. Zuwaira ta karanta layin farko tiryan-tiryan, ta iso ɗigo, ta tsaya. Ta miƙa hannu. Ba gyaɗa. Madam na raɗa mata, "Ci gaba mana!" Yarinya ko gezau, idonta na yawo cikin taro.

Ban yi shawara da kowa ba. Na taka har gaba da lulluɓina, na tsaya gefenta kamar dogari. Ɗigo goma sha huɗu ne a labarin awakin nan. Ni na san adadinsu, don ni na biya. Ana dariya, ana tafi, amma ba kalmar da ta faɗi ƙasa.

A hanyar gida na gane abin da Iya take yi mana. Ba kwaɗayi ke sa ta tauna ba. Wuri take ba mu, mu iso inda take.

Iya Dudu ta daɗe da kwanta dama, Allah ya jiƙanta. Madam, na ji yanzu da kwalbar gyaɗa take shiga aji. Zuwaira ta girma, ita ke rubuta wannan ina faɗa. Ni kuwa haƙora sun tafi, gyaɗa ta fi ƙarfina. In na yi shiru, ita ke sa ɗigon, ta kuma cinye gyaɗar.