Ƙanƙarar da Baba Bai Gani Ba

Da asuba muka shirya tashi, kuma ni dai na tashi. Ina idar da salla na sauko bakin titin Grand Concourse da jakar kyamarata, na tsaya ina rawar ɗari. Abokan tafiyata biyu, wato mai motar, direban tasi ɗan Zangon Kumasi, da wani abokinmu mai shirin aure a gida, ba su iso ba sai da rana ta fito sarai. Ko haƙuri babu wanda ya ba ni.

Ga dalilin tafiyar. Mahaifina masunci ne a Yawuri, a cikin kwalekwale ya tsufa. Tun zuwana New York nake gaya masa cewa a nan tafki kan daskare har mutum ya taka, yana dariya yana cewa Amurka ta koya min ƙarya. Yanzu idanunsa suna tafiya, likita ya ce da wuya su kai ƙarshen damina. Ya ce in ɗauko masa hoto, amma ba na farin fili ba, don wannan ko gishiri aka shanya haka zai gani. Yana son inda ƙanƙara ke rabuwa da gaɓa, ruwa na leƙowa ta tsaga, ya tantance da idonsa na masunci. Wannan kuwa sai ƙarshen Maris, sai kuma da safe. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, da ƙyar na samu hutun wannan rana.

Mun bar unguwarmu ta Bronx muka nufi wani tafki a arewa, muka biya kuɗin gada muka haye kogin Hudson. Hanya sumul, itatuwa duk tsirara kamar itacen girki, ragowar dusar ƙanƙara a gefen titi ta yi baƙi da hayaƙi. A wani gidan mai muka sayi shayi mai tsadar tsiya, ruwan ɗumi ne kawai aka nuna wa ganye, da burodin nan mai rami a tsakiya wanda sai ka yi kokawa da shi.

Ba mu yi nisa ba direba ya karya kan mota ya sauka daga babbar hanya. Wai akwai ɗan unguwarsu a wani gari nan kusa da aka yi wa haihuwa, in aka ji ya wuce bai yi barka ba, maganar har Kumasi za ta kai. Na ce mu biya a dawowa. Ya ce, “Maigida, kwantar da hankali. Ƙanƙara tana da ƙafa ne?”

Mun shiga, an gaisa, an sake gaisawa, an tambayi mutanen da suka mutu tun ban zo duniya ba. Sai uwargida ta ce ta ɗora shinkafa da wake, kuma wa ya isa ya ce wa mai jego ba zai jira girkinta ba? Gaskiya abincin ya yi daɗi, da yajin nan nasu baƙi mai soyayyen kifi, amma ina ci ina duban agogo. Rana ta yi ɗumi, ina zaune kusa da taga ina jin ruwa na ɗiga daga rufin gida, ranka ya daɗe kowa sai hira yake. Sai da aka yi azahar aka sallame mu.

Da muka isa tafkin, laka ce ta fara tarbar mu, har idon sawu. Ruwa ya buɗe gaba ɗaya, agwagin daji suna iyo abinsu. Wata tsohuwar Baturiya mai yawo da kare ta ce min da safe ƙanƙarar ta kai kusan tsakiya. Na ji kamar in kurma ihu. Na bi gaɓa ina dubawa, can a inuwar itatuwa na samu falle ɗaya da ya rage, faɗin tabarma biyu, da tsaga a jikinsa, baƙin ruwa na wasa a ciki. Daidai abin da Baba ya nema ke nan. Na durƙusa a laka ina saita kyamara.

Ban ankara ba sai ga ango a gabana. Ashe ya cire rigar sanyi, ya fito da farar shaddarsa da hula da takalmin fata, ya taka fallen ya buɗe hannuwa. “Ɗauke ni a nan, surukai su ga inda nake!”

Ji kake ƙaras! Ya nutse har cinya, fallen ya farfashe, laka ta taso ta dame ruwan. Mun ja shi waje yana salati, direba na dariya har da riƙe ciki. Abin da na faɗa musu a bakin tafkin nan ba zan rubuta shi ba, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Mun kamo hanyar gida, ango naɗe cikin bargo, mota na warin laka. Washegari na tura wa ƙanwata abin da na samu, ta kai wayar dab da fuskar Baba. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Na ga ruwa, ɗana, ruwan kirki kuwa. Sauran na yarda da kai.”

Tafiyar nan ta koya min cewa karar da muke taƙama da ita wani ne ke biyan kuɗinta, kuma ba a shawara da shi. An yi barka, an ci wake, kowa ya fita kunyar kowa. Ƙanƙara za ta dawo baɗi, idon Baba ne ba zai jira ta ba.