Yankan Iskan Malam Sake

A ɗakin injina na sashen koyar da injiniyan kanikanci, da wuya ka sami ɗalibin da ya san sunansa na yanka. Malam Sake kawai ake ce masa. Ka kwashe awa uku kana goga guntun ƙarfe da magagari, ka kai masa kana washe baki, ya ɗora ma'auni a kai, ya ɗaga shi wajen haske, ya miƙo maka ya ce, "Sake." Ba tsawa, ba dogon bayani. Shekara ashirin da shida yana haka, har wasu daga cikin waɗanda ya sa suka sake yanzu su ne malaman sashen, kuma idan sun ratsa ta ƙofarsa sai sun gyara tafiya.

Ba shi da digiri. Takardar koyon sana'a ce da shi, sai hannu biyu masu kanta da kunne mai jin ciwon inji tun kafin injin ya kwanta. Yana da wata ɗabi'a da ke ƙona wa ɗalibai rai. Duk aikin da zai ɗora a inji, sai ya fara ɗaga bakin yankan sama da ƙarfen kamar faɗin yatsa biyu, ya bi hanyar aikin gaba ɗaya ba tare da ya taɓa komai ba. Shi yake kiran abin yankan iska. Ɗalibai kuwa ɓata lokaci suke kiransa, amma a bayan idonsa.

Ana nan sai aka kawo sabon inji, ƙato mai ƙofar gilashi da allon kwamfuta a gefe, babu abin murɗawa da hannu ko ɗaya a jikinsa. Umarni ake rubuta masa layi-layi, shi kuma ya bi. Shugaban sashe ya kira Malam Sake ofis, ya ba shi kujera, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito fili. Duk wanda zai riƙe ɗakin injina daga baɗi, dole ya iya rubuta wa injin nan umarni. Idan bai iya ba zuwa ƙarshen zangon karatu, za a mayar da shi sito ya riƙa miƙa wa ɗalibai sifana da guduma ta taga.

"Ba kora ba ce, Malam," in ji shugaban. "Hutu ne ma a wajenka."

"Na gode, ranka ya daɗe," ya ce. Ya fito. Ya san siton nan. Ɗaki ne mai taga ɗaya, inda za ka riƙa jiyo ƙarar injina ta bango kana zaune. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya ji tsoro.

Da ya faɗa wa matarsa, tana ninke wanki, ba ta ko ɗago ba. "To, ba aji suke da shi ba? Ka shiga mana. Kai da kake sa 'ya'yan mutane su sake, yau an zo kanka."

Haka Malam Sake, da furfurarsa, ya shiga ajin 'yan shekarar farko inda ake koyar da furogiramin, wato rubuta wa kwamfuta umarni. Ya zauna a layin baya yana neman haruffa da yatsa ɗaya. Kafin ya gano harafi guda, malamin ya goge allo. Kusa da shi akwai wata ɗaliba da 'yan aji ke kira Mai Tabarau, yatsunta na gudu a kan maɓallai, amma ya gane ta sarai: ita ce wadda ya mayar wa guntun ƙarfenta sau biyar.

A cikin littafinta akwai fom a ninke. A ƙarshen shekarar farko kowane ɗalibi zai zaɓi inda zai dosa: ƙirar injina, ko zafi da makamashi, ko injina masu sarrafa kansu, ko kuma ya tattara ya koma wani sashe. Ita ta riga ta cike gurbin komawa sashen kwamfuta, sa hannu kawai ya rage.

"Baba, ni ƙarfe ba ya jin maganata," ta ce masa. "Kwamfuta kuwa abin da na ce shi take yi."

"Ni kuma tawa matsalar ke nan a juye, 'yata," ya ce.

Babu wanda ya tsara musu, abin dai ya zama. Bayan aji ta zauna da shi ta nuna masa yadda ake jera umarni, tana haƙuri da yatsansa ɗaya. Shi kuma ya kai ta teburin aiki ya gyara mata tsayuwa, ya nuna mata cewa ba ƙarfi ake sa wa magagari ba, nauyin jiki ake bari ya tafi da shi. Ranar da ta fara ce masa "Baba, sake," sai da ta toshe baki da mayafinta. Ya harare ta, ya sake.

Ranar da za a gwada Malam Sake ta zo da hantsi. An ba shi faranti na ƙarfe da zai huda ramuka shida a kai, an danne farantin a tsakiya da wani ƙarfe mai kauri don kada ya motsa. Shugaban sashe na tsaye da malamai biyu, ɗalibai sun cika bayansu, Mai Tabarau na gaba. Malam Sake ya shigar da umarnin da ya rubuta da kansa, layi talatin da huɗu. Ya karanta su ya fi sau goma, ita ma ta duba masa jiya ta ce ba ta ga kuskure ba.

Sai ya ɗaga bakin hudar sama da farantin.

"Malam, ai ba sai an yi wannan ba," in ji ɗaya daga cikin malaman yana duba agogo. "Wannan inji ba ya kuskure."

"Shi ba ya yi, Yallaɓai. Ni nake yi."

Ya rage gudun injin, ya ɗora tafin hannunsa a kan jan maɓallin tsayarwa. Bakin hudar ya sauka a iska ya yi ramin farko, ya yi na biyu, ya yi na uku. Daga nan ya miƙe a kwance zai tafi wajen na huɗu, kuma hanyar ta bi daidai ta kan ƙarfen da ya danne farantin. Malam Sake ya danna maɓallin. Injin ya tsaya. Bakin yana shawagi a saman ƙarfen ne kawai don an ɗaga shi. Da a kan aikin ne na gaske, da ya daki ƙarfen nan da gudu, ya karye, wataƙila ya tafi da kan injin da ko wata huɗu bai yi ba.

A ransa ya ga tagar sito.

Amma ya riga ya gane abin da ya faru, har ya kusa yi wa kansa dariya. Shekara ashirin da shida, duk lokacin da zai tsallake abin dannewa, hannunsa ne ke ɗaga bakin da kansa, bai taɓa ce masa ya ɗaga ba. Da ya zo rubutu, sai ya faɗa wa injin komai ban da abin da bai san yana yi ba. Ita kuma Mai Tabarau layukan ta duba, ba ta san inda ƙarfen dannewar zai zauna ba.

"Laifina ne, ranka ya daɗe," ya ce. "Ban ce masa ya ɗaga ba."

Ya matsa gaban allon. Da yatsa ɗaya, a gaban kowa, ya ƙara layi guda. Ya sake yankan iska tun daga farko, kuma wannan karon babu wanda ya dubi agogo. Sannan ya sauke bakin. Ramuka shida suka fito tsaf. Ya ciro farantin ya goge shi da tsumma, ya miƙa wa shugaban tare da ma'auni, don bai yarda ya auna nasa da kansa ba.

Shugaban ya auna kowane rami. Ya daɗe a kan na huɗu. Sannan ya laluba aljihu ya ciro makullin ɗakin sabon injin ya ajiye a kan farantin.

"Duk ɗalibin da zai taɓa injin nan," ya ce wa malaman, "ya fara yin wannan abin na Malam."

Sai a lokacin Malam Sake ya bar gaban injin. Ya jawo kujerar ƙarfe ya zauna, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Mako goma sha huɗu rabonsa da ya ji numfashi ya kai masa ciki.

Da mutane suka watse, Mai Tabarau ta tsaya tana kallon allon. Ta ciro fom ɗin nan, ta soke gurbin da ta cike, ta sa alama a kan injina masu sarrafa kansu.

"Na karanta layukan nan sau uku ban gani ba, Baba. Ina son in zama mai gani."

Ta zaro guntun ƙarfenta daga jaka, karo na shida, ta miƙa masa. Ya ɗora ma'auni, ya ɗaga wajen haske, ya juya shi ya sake dubawa. Ta tsaya tana jiran kalmar da ta saba ji.

"Ya yi," in ji Malam Sake.