Ɗigon da Malam Jamus Ya Sa a Sama

Mu ba mu da murhu a tsakar gida, don tsakar gidan ma ba mu da ita. Flat ne ɗan ƙarami a unguwar Whitechapel ta Landan, saman shagon mai yadi. Wutarmu kuwa hita ce ta gas, wadda sai ka yi ta dannawa kamar kana roƙonta kafin ta kama. In sanyi ya shigo, ana yin la'asar gari ya rufe, sai ni da wana Sani mu jawo bargo gabanta, Kaka ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi a gwiwa. Sunanta Nana. Babanmu ne ya ɗauko ta daga Zariya bayan rasuwar kakanmu. Da mita ta zo, da mita ta koma ga Allah, Allah ya jiƙanta. Kowa ya ce ni na gado ta.

Mu ta kura da zomo muke so. Ita kuwa sai ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ta Malam Jamus ce yau."

Sani ya ce, "Haba Kaka! Jiya ma fa ita kika yi."

"To maigida, in ba ka so ga ƙofa can, sanyi na nemanka."

Abin haushin, Malam Jamus ba tatsuniya ba ne, mun san shi. Wani tsohon Bajamushe ne a bayan layinmu, mai zane a jikin gilashi. Tun yana yaro ya koyi aikin a garinsu, ya zo Landan yana koyarwa a wata kwaleji, ɗalibai har shagonsa suke biyo shi. Yana da wani ɗan faifan tagulla da inji ke juyawa. Sai ya shafa masa mai haɗe da gari mai kaushi, ya riƙe kofi da hannu biyu ya kai shi bakin faifan a hankali. Kafin ka ankara ga tsuntsu ya fito, har da gashin fiffike. Kaka ta ce in ta fito asibiti takan tsaya a tagarsa, don yana tuna mata masu zanen ƙwarya na gida. Ita ba Turanci, shi kunne ya yi nauyi, da kai suke gaisawa.

Akwai kofin shayin kakanmu na gilashi. Shi kaɗai ta zo da shi cikin kayansa, a naɗe a zani. Ran nan ta ɗauki tawada ta rubuta sunansa da ajami a jikin kofin, ta kai wa Malam Jamus, ta nuna masa da yatsa ya bi.

A nan kullum take tsayawa, don ko a tatsuniya ba ta faɗin sunan mijinta. Sai ta zunguri Sani da ƙafa. "Kai, faɗi."

"Baba."

"Yauwa. Ɗigo a ƙasa, ɗigo a ƙasa. Ko makaho ya sani."

To, ashe yana cikin aiki man nan ya goge tawadar. Ya riga ya yanka jikin haruffan, ɗige-ɗigen ne suka rage, sai ya sa su da ka. Su kuwa Turawa, a rubutunsu ɗigo a sama yake zama. A ajami kuma, in ka ɗauke ɗigon nan daga ƙasa ka mayar sama, Baba ya tashi daga Baba, ya koma Nana.

Kaka ta ce da ta karɓa ta duba, sai da layin ya juya mata. Shi kuwa yana ta murmushi, yana jiran yabo.

"Na ce da shi, kai tsohon nan, ni ina nan! Me zan yi da sunana? Wanda ba ya nan nake nema!"

Bai ji ko kalma ba, sai da aka kira Babanmu ya yi tafinta. Da ya gane, fuskarsa ta yi ja, ya cire tabarau ya zauna. Ya ce abin da aka yanka a gilashi ba ya komawa. Sai dai ya goge wurin, ya yi ta ci har ɗige-ɗigen su ɓace, amma kofin siriri ne, zai iya tsagewa a hannunsa. Duk da haka ya miƙo hannu, don shi ma ba ya son aikinsa ya fita da kuskure. Ya ce ko ɗalibi ba ya bari ya yi haka.

"Sai me, Kaka?"

"Sai na fizge abina na taho gida."

"Shi ke nan?"

"Ƙurunƙus. Ku tashi ku yi alwala."

Wallahi haushi kamar in yi kuka. Ba wanda ya ci, ba wanda aka kama, ba a gyara komai ba. Da kofin take shan shayi kowace safiya, ta juya rubutun wajen bango, tana tsaki. Shi kuma duk sanda ta wuce sai ya fito ya miƙo hannu, ita ta girgiza kai. Haka suka yi ta yi har ya rufe shagon.

Yanzu ina unguwar Barking, nan Landan ɗin, ni ce kakar. Jikata Amira a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma bakinta sai Turanci. Bara ta fara gwadawa, don ni. Ta ce, "Kaka, Mama ya dawo." Ni kuwa kunnena ba ya barin abu ya wuce. Na ce, "Ta dawo. Uwarki namiji ce?" Ta ce ƙafa kamar kafa, na gyara. Ta ce gobe maimakon jiya, na gyara, har da dariya. A hankali yarinya ta koma "never mind", daga nan ta ɗinke bakinta gaba ɗaya. In na yi mata Hausa sai ta ɗaga kafaɗa.

Uwarta ta ce, "Umma, kin cika gyara. Tsoronki take ji."

Na ce, "To in bar ta tana mayar da mata maza?"

Ranar na yini ina mita ni kaɗai a kicin. A nan ne na gane abin da Kaka ta fizge. Ba yafewa ta yi ba, har ta mutu haushin bai sake ta ba. Ta dai ga gara karkataccen abu a hannunta da madaidaici a farfashe. Me ya hana ta faɗa mana haka kai tsaye, sai ta bar ni na yi furfura tukuna?

Makon jiya ina kwance da ciwon baya, Amira ta leƙo ɗakin. Ta daɗe tsaye a bakin ƙofa, sannan ta ce da 'yar ƙaramar murya, "Kaka, kana so tea?"

Kana. Ni da ɗankwalina da jikoki. Gyaran ya taho har bakin haƙorana, na datse shi.

Na ce, "Ina so, ƙawata. Ki sa madara da yawa."