Baba Juyi da Kujerar Aski

Kafin a buga ƙararrawa Baba Juyi ya riga ya buɗe ɗakin kimiyya. Ya wanke kwalabe, ya goge tebura, sannan ya ɗiga wa kujerarsa mai. Tsohuwar kujerar aski ce da ya roƙo a wajen surukinsa, ya gicciya mata katako, ya ɗaure bokitin roba a kai, irin wanda ake hango abin da ke ciki. Shi ba malami ba ne, mai kula da ɗakin ne. A ƙarshen zangon nan ritayarsa ta zo, shugabar makaranta kuwa ta faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ba a sami mai iya juya kujerar ba, 'yan gwangwan za su kwashe ta.

Ni da na zauna a bencin nan ina yarinya, na san abin da za a rasa. Da farko yakan zuba ruwa a bokitin, ya dama da cokali, ya ɗiga tawada. Nan da nan ta watse kamar hayaƙi, ruwa ya dagule. Sai ya sake ruwa, ya tsugunna a gindin kujera, ya yi ta tura ta da hannu, ba sauri ba sanyi, har ruwan ya bi bokiti suna tafiya tare. Malamin ajinmu ya ɗan motsa ruwan, ya ɗiga tawada. Ikon Allah, ta ƙi watsewa! Sai ta miƙe daga sama har ƙasa kamar labule, tana naɗewa a hankali.

Na taɓa ce masa, "Baba, me ya hana ta bajewa?"

"Ni ma shi nake tambaya. An ce juyi ne ke sa ruwan sama da na ƙasa su tafi baki ɗaya. To in na ƙara gudu fa, me kike jin zai faru?"

Haka yake, ka kawo masa tambaya ɗaya ya ba ka biyu ka tafi da su gida. Har yau ba na dama abu a kofi ban leƙa ba, yarana na cewa Mama ta fara duba. Kai ne ka ja mini wannan, Baba, kuma na yafe. Gwiwarka ta daɗe tana ƙara, ba ka taɓa ce wa aji yau babu juyi ba.

Sabuwar malamar kimiyya ce ta ce za ta koya, sai dai akwai ta da garaje. Ranar farko ta tura kujera kamar mai korar akuya, ruwa ya fantsama har allo. Da ta ɗan iya, sai haƙuri ya gagara: tana fara juyi ta ce a ɗiga, tawada ta dagule.

Baba ya ce, "'Yata, ruwa bai kama ba tukuna, bokiti ne kaɗai ke yawo. Sauri ya haifi nawa."

Ranar sallamarsa aka gayyace mu, tsofaffin ɗalibai. Shugaba ta tsaya bakin ƙofa, ta harɗe hannu. Malama ta tsugunna. Baba ya miƙa hannu zai taya ta, ta ce, "A'a Baba, yau benci za ka hau." Ya zauna cikinmu yana murza yatsu. Ta tura, ta jira, ta ƙara jira har gumi ya keto mata. Sannan ta ce a ɗiga.

Labule ya tsaya.

Shugaba ta matso ta leƙa, ta ce kujera ba inda za ta. Muka ɗauki tafi, shi ko Baba ko ji bai yi ba. Ya kai fuskarsa dab da bokiti, baki buɗe.

"Ashe haka yake? Har ƙasa?"

Sai a lokacin muka gane. Duk shekarun nan kansa na ƙasa, idonsa na kan hannunsa, domin in ya ɗago juyi ya ɓaci. A bakinmu yake jin labarin. Na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Mun gode, Baba Juyi, Allah ya ƙara wa gwiwa lafiya. Ku kuma, in akwai mai tsugunne irinsa a wajen aikinku, ku karɓe shi tun yana da ido, ya tashi ya ga abin da ya daɗe yana nuna muku.