Hoton Ƙirjin Sama

Ni na jawo wa kaina sunan, don haka ba ni da bakin ƙorafi. A shekara ta biyu ta babban farin nan na zo hutu gida Turba daga ƙasar Turawan da nake karatu, da jakar takardu a hannu da girman kai cike da ciki. Aka taru a zauren mahaifina ana yi mini barka da zuwa. Wani ƙanen babana ya ce in gaya musu wane irin karatu ne wannan da ya ƙi ƙarewa.

Ga abin da nake karantawa. Akwai taurarin da suka mutu suka dunƙule, suna zuƙe iskar maƙwabtansu har ta yi zafi ta riƙa fitar da wani haske da ido ba ya gani. Hasken ba ya isowa ƙasa, iskar da ta lulluɓe duniya ke shanye shi. Shi ya sa ake ɗora na'ura a kan tauraron ɗan'adam, a cilla shi can sama da iska da gajimare, ya yi ta zagaya duniya yana aiko da alƙaluma. Ni aikina in zauna a ɗaki marar taga in yi ta tsefe alƙaluman tauraro ɗaya tak.

Na rasa ta inda zan kamo zancen, sai na ce irin hasken nan ne da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti.

"Ashe hoton ƙirjin sama kuka ɗauka can!" in ji ƙanen baba.

Aka kwashe da dariya. Kafin la'asar na zama likitan sama. Ban musa ba. Gaskiya ma daɗi na ji.

A lokacin anza ake ci a gidanmu, itacen dajin nan mai ɗaci da ake komawa gare shi in yunwa ta yi tsanani. Mahaifiyata kan jiƙa 'ya'yan anzar kwana da kwanaki tana sauya ruwa, ɗacin bai taɓa fita duka ba. Amma a ƙuryar ɗakinta akwai tulu guda da aka liƙe bakinsa da laka, cike da irin gero gauraye da toka. Tun zamanin kakana ake zaɓo irin nan zangarniya-zangarniya. Duk yunwar da aka sha ba wanda ya taɓa shi. Ita ke gadinsa, kuma ko babana bai isa ya buɗe shi ba sai ranar shuka.

Ina da mako biyu a gida aka yi ruwa. Ba mai yawa ba ne, amma gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, mata suka yi ta guɗa. Da safe na bi babana gona. Maƙwabtan gonarmu uku suka zo suka tsaya, kowa da sungumi a kafaɗa. Baba ya durƙusa ya tona rairayi da hannu, ya daɗe yana kallon ramin.

"Lema ba ta kai wuyan hannu ba," in ji shi. "Shamuwa ta zo, amma ai bara ma ta zo, munka shibka, rana ta canye." Ya ɗago ya dube ni. "Ɗana, kai da kag ga ƙirjin sama, mi ka damunta? In shibka ko in dakata?"

Mutumin nan ya shekara hamsin yana karanta iska da ganyen gawo. Fari ya sa ya daina yarda da idonsa, ya koma tambayar wanda na'urarsa ta juya wa ƙasa baya. Mu a aikinmu gajimare cikas ne, gudunsa muka yi muka hau can. Ban san komai game da ruwa ba. Amsar kalma uku ce, kuma tana kan harshena. Amma mutane na kallona, ga ni da takalmi sau-ciki a tsakiyar gona. Na ɗaga kai na dubi gabas kamar mai nazari.

"A shibka, Baba," na ce. "Ruwa na tahe."

Aka fasa bakin tulun. Baba na gaba yana sara da sungumi, mahaifiyata na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Maƙwabtan ma suka shuka, tunda likita ya faɗa. Gero ya tsiro, ya yi ganye biyu, uku. Daga nan sama ta ɗauke ɗif. Sai da aka fi wata ba ko yayyafi. Na ga tsiron ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. Da ruwan gaske ya sauka ba sauran iri a gidan. Abin da aka roƙo daga wajen garin Tsamaye aka yafa, bai nuna ba damina ta ɗauke.

Hutuna ya ƙare, na koma ɗakina marar taga. Na kammala aikin, aka buga shi, aka yaba. Na san nauyin tauraron nan da zafinsa da saurin juyawarsa. Ko a mafarki aka tambaye ni zan faɗa. Mahaifiyata kuwa ta mayar da tulun na ruwa. Ba wanda ya ce mini uffan, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan shekara biyu na dawo gaba ɗaya, na tarar tari ya kama baba. Na kai shi babban asibiti a Sakkwato aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Muna zaune a benci muna jiran ganin likita, ya zaro hoton daga ambulan, ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya juya shi, sannan ya miƙo mini.

"Wanga kam aikinka na," in ji shi. "Duba mini. Za ni tashi?"

Na riƙe hoton. Haƙarƙari kawai na gane, da wani farin tabo a gefen dama.

"Ban sani ba, Baba," na ce.

Ya karɓe hoton ya mayar cikin ambulan a hankali, ya ninke bakinsa, ya ɗora a cinya.

"To," in ji shi. "Ashe ka iya hwaɗinta."