Tsohuwar da ta ba ni amanar kare

Jama'a, abin da zan ba ku labari ba a bakin wani na ji ba, da ni ya faru, kuma wallahi tallahi ba zan ƙara masa gishiri ba, don a yadda yake ma ya ishe ni. Shekarun baya ne, a nan Greensboro ta Amurka, lokacin ina aikin tuƙa motar kai magunguna gidajen kula da tsofaffi, kuma har yau in na zauna na tuna sai in ji kaina ya ɗaure.

Akwai wata Baturiya da muke aiki tare, sunanta Carol, mace mai surutu amma mai kirki, ita ce ta ja ni cikin wata 'yar ƙungiya ta masu aikin sa kai, waɗanda suke kwaso karnuka da magunan da ba su da masu su, a kai su wurin likita, sannan a nema musu gidan da za a riƙe su. Kada ku yi dariya, ni ma da farko dariyar na yi. Na ce mata a garinmu mage ita take zaɓen gidan da za ta zauna, ba wanda yake yi mata hanya. Amma ta nace suna neman direba ranar Asabar, ni kuma ina jin kunyarta, sai na yarda bisa sharaɗi: zan yi tuƙi, zan ɗauki mage, amma kare ko da sanda ba na taɓa shi. Ta ce ta ji.

Wata Asabar da rani, bayan azahar, rana tana dukan mutum kamar a Sakkwato, muka tafi McLeansville, wani ƙauye gabas da gari. Wani tsohon Bature ne da yake zaune shi kaɗai aka kai shi gidan tsofaffi, ɗan ƙanensa ya kira ƙungiyar ya ce a zo a kwashe dabbobin da aka bari kafin a sayar da gidan. Gida ne na katako a ƙarshen wata hanyar tsakuwa, gonaki ta ko'ina, ciyawa ta kai gwiwa. Carol ta tsaya a gaba tana ɗana tarkunan waya, tana zuba kifin gwangwani a ciki, ta ce in zagaya baya in duba.

To kun san halinmu, ko kango za mu shiga sai mun yi sallama. Ina zagawa na ce salamu alaikum, ba don ina tsammanin kowa ba. Sai na ji an amsa. Ba amsar Balarabe ko ta Baturen da ya musulunta ba, amsa irin tamu, har da "maraba, sannu da rana".

Wata tsohuwa ce zaune a kan matakalar baya, 'yar ƙarama, da zane ruwan toka da farin mayafi, da silifas a ƙafarta. Gefenta wani tsohon kare ne ja, ido ɗaya ya mutu, ya kwanta, wata farar mage kuma ta naɗe a tsakanin ƙafafunsa na gaba. Za ku ce me ya hana ni tsorata? To me zai tsorata ni? Mutanenmu nawa suke kawo iyayensu mata daga gida in matansu sun haihu, tsofaffin su gaji da zaman ɗaki su fito yawo? Abin da na ɗauka ke nan. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da wata Hausa da na kasa gane ta ina ce, ba ta Kano ba, ba ta Nijar ba, amma ba kalmar da ta wuce ni.

Ta ce, "Ku ne masu kwashewa?"

Na ce, "Mu ne, Mama."

Ta nuna karen, ta nuna magen, ta ce, "Wannan da wannan amana na ba ka. Kada a raba su."

Na ce, "To, Mama."

Wallahi bakina ne ya faɗa, ba ni ba. Haka aka tashe mu, babba ya yi magana ka ce to, tunani sai daga baya. Ta dube ni ta ce, "Ka amsa fa." Na sake cewa to. Daidai nan Carol ta ƙwala mini kira in kawo tawul a rufe wani tarko da ya kama, na ce wa tsohuwar ina zuwa. Da muka dawo tare da Carol, kare yana nan, mage tana nan, matakala babu kowa.

Na tambayi Carol ko ta ga wata tsohuwa ta fita. Ta ce wace tsohuwa? Ita dai ta jiyo ni ina magana da yarenmu, ta ɗauka addu'a nake yi shi ya sa ba ta katse ni ba. Na duba bayan gidan, fili ne fetal har bakin daji, ko kaza ce ta bi sai ka hango ta. Duk da haka na lallashi kaina, na ce wataƙila ta bi ta wata hanya da ban sani ba. Carol ta sa wa karen igiya, ni na ɗauki magen, muka haɗa da sauran muka taho.

A nan matsala ta fara. Tsarin aikin shi ne kare ɓangarensa daban a asibitin dabbobin da muke kai su, mage ɓangarenta daban. Ana raba su karen ya daina cin abinci. Ba haushi, ba kuka, ya juya fuska bango ya kwanta. Kafin mako ya zagayo haƙarƙarinsa sun fito, likitar ta ce tsoho ne, ba mai son tsohon kare mai ido ɗaya, in ya ci gaba a haka gara a yi masa allurar da zai huta. Ita kuwa magen, fara tas da ita, tuni wasu masu hali a unguwar Irving Park suka ga hotonta suka ce suna so, amma ita kaɗai.

Ni kuma barci ya ƙaurace mini. Ranar Juma'a bayan an idar na bi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, wa ya kawo mahaifiyarsa, wa yake zaune wajen McLeansville? Mu nawa ne a garin gaba ɗaya? In tsohuwar wani ta sauka, kafin ta huce gajiya matanmu sun kai mata tuwo. Kowa ya ce bai san da ita ba. Na ja wani dattijo da muke kira Malam Sani gefe na kwashe komai na gaya masa. Ya ce, "Ka amsa?" Na ce na amsa. Ya ce, "To sai ka sauke. Ko ita wace ce, wannan kada ka tambaye ni, ni ma ban sani ba." Na taho da ruɗanin da ya fi wanda na je da shi.

Washegari aka ba ni magen in kai Irving Park. Na ɗauke ta a keji, na hau hanya, har na shiga unguwar ina ganin manyan gidajen nan da ciyawarsu kamar an aske da reza, sai na ji ƙafata ta ƙi. Na yi fakin na zauna ina zufa ga sanyin mota. Me zan ce wa Carol? Wata tsohuwa da ba wanda ya gani ta ba ni amana? Na juya kan mota na koma asibitin, na roƙi ma'aikaciyar da ke wurin ta bar ni in shiga da kejin ɓangaren karnuka. Ina ajiyewa karen nan ya ɗago kai, ya ja jiki ya zo ya manna hancinsa a wayar kejin, magen ta miƙo hannu ta dafa shi. Aka turo masa kwano, ya cinye tas ya lashe. Ma'aikaciyar har da hawaye.

Carol ta yi fushi sosai, ta ce na kunyata ƙungiya a gaban mutanen da suka riga suka sayi gado da kwanon mage. Na ba ta haƙuri, na ce a addininmu alkawari abu ne mai nauyi. Ta ce alkawari da wa? Na ce ni ma abin da nake son sani ke nan. Ta kalle ni kallon wanda rana ta taɓa wa kai, daga ƙarshe ta ce to, amma asibiti ba zai ci gaba da ajiye su ba, kuma duk gidajen da suke yi wa dabbobi riƙon ƙwarya sun cika, sai in san inda zan kai su.

Na je gida na fara lalubo hanyar gaya wa matata Hadiza. Ban kai ƙarshe ba ta ajiye ludayi.

"Kare? A apartment ɗin nan da muke salla? Baban Iman, are you okay?"

Na ce amana ce. Ta ce, "Amanar wa? Kai ko sunanta ba ka tambaya ba, ka ce to. In da cewa ta yi ka ɗauki jaki fa?"

Gaskiyarta ce. Ƙarshe wani abokina mai gyaran motoci ya ba ni aron wata rumfa a bayan garejinsa. Ni da na rantse ko da sanda ba na taɓa kare, ni ne kullum safe da yamma nake zuwa ba shi abinci, in ja shi yawo, ya lashe mini hannu, in dawo in ɗebi ƙasa a tukunyar furen mai gidanmu in wanke. Har tukunyar ta yi rami, matar da ke kula da ginin ta manna sanarwa cewa wata dabba tana tona mata fure. Hadiza ta yi ta yi mini tsiya, ta ce ai ba ƙarya matar ta yi ba.

Kowace Asabar muna kafa rumfa a cikin gari kusa da Elm Street, mutane su zo su ga dabbobi. Kowa ya zo sai ya ce magen yake so, in ce tare suke, ya dubi karen ya wuce. Har na fara fid da rai, ga abokina ya fara cewa yana bukatar rumfarsa. Sai ga wani dogon dattijon Bature, Mista Dale, matarsa ta rasu, yana da 'yar gona can yamma da gari. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon su, ya ce shi ma ido ɗaya ne yake gani da shi sosai, a ba shi duka biyun. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun masara daga ka.

A ƙa'idar ƙungiyar, bayan ɗan lokaci sai an je an duba yadda dabba take a sabon gida. Ni na ce zan je. Tafiya ce mai nisa, gabas da yamma ne tsakaninsa da McLeansville, kuma ba bas da ke zuwa wurin. Na same su lafiya, kare ya yi ƙiba, mage tana kan bayansa a baranda. Muka sha shayi mai ƙanƙara, na tashi zan tafi, sai Mista Dale ya ce in gaishe da mahaifiyata, mace ce mai kirki.

Na ce wace mahaifiyata? Tawa tana Zariya, da safen nan ma muka yi waya.

Ya ce to wata 'yar tsohuwa dai mai farin mayafi, takan zo da rana ta zauna a matakala, dabbobin su kwanta a ƙafarta, ta ɗan jima ta tafi. Ya ɗauka ni nake sauke ta a bakin hanya. Na ce da wane yare kuke magana? Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya ce, "Ka san ban taɓa lura ba? Ni dai ina gane abin da take cewa." Sannan ya ce ta ma bar mini saƙo, ya kusa mantawa: wai in na zo a gaya mini na riƙe nata, ita ma za ta riƙe mini nawa, su biyun duka.

Na ce masa 'yata ɗaya ce. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai biyu ta ce.

Ban san yadda na tuƙo motar nan zuwa gida ba. Duk addu'ar da na iya na karanta, wata ma na haɗa ta da wata. Na tarar da Iman a falo tana kallon katun, lafiyarta ƙalau, na rungume ta har ta ce, "Daddy, stop." Ban gaya wa Hadiza komai ba a ranar. Bayan 'yan makonni ta fara laulayi, muka je asibiti aka ce ciki ne, kuma da aka lissafa, ranar da na sha shayi a barandar Mista Dale cikin yana nan, ita kanta ba ta sani ba.

Yanzu yaron yana makaranta, su biyun lafiya lau, alhamdulillahi. Karen ya mutu da tsufansa, magen ta bi shi ba da daɗewa ba, kuma Mista Dale ya ce tun daga nan tsohuwar ba ta sake zuwa ba. Ni ban sake ganinta ba ko sau ɗaya. Mutum ce, aljana ce, ko wani abu daban, wallahi ban sani ba, kuma me ya haɗa tsohuwa mai jin Hausa da karen wani Bature a ƙauyen Amurka, wannan ma ban sani ba. Abin da ya fi damuna shi ne har yau na rasa ko godiya ya kamata in yi ko tsoro, don ni ban roƙi kowa ya riƙe mini 'ya'ya ba, kuma ba wanda ya gaya mini ranar da riƙon zai ƙare.

Shawarata gare ku, ladabi yana da kyau, amma in baƙon tsoho ya miƙo muku amana a inda ba ku san kowa ba, ku tambayi sunansa da na gidansu kafin ku amsa. Kuma ku riƙa yi wa 'ya'yanku addu'a safe da yamma. Ni dai duk ranar da yaran nan suka fita wasa da rana, sai na leƙa ta taga na duba wa yake zaune a matakala.